Shaidu Uku a Gaban Direba: Hujjar Ƙara wa Mota Agogon Lura da Inji

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko ta Gusau zuwa Sakkwato, a tsakanin watan Maris da na Mayu, lokacin da zafin rana yakan haura digiri 40, ya san da wuya ya yi tafiya mai nisa bai wuce wata mota a gefen kwalta ba, an ɗaga bonet, tururi yana tashi, fasinjoji sun watse suna neman inuwa, yaron mota kuwa ya saɓi jarka ya nufi ƙauye neman ruwa. In ka tsaya ka yi musu sannu, ka tambayi direba abin da ya faru, amsar ba ta wuce ya ce maka, “Wallahi lafiya lau muke tafiya, ba mu ankara ba sai ta tsaya.” Direban bai yi ƙarya ba, amma kuma abin da ya faɗa ba shi ne haƙiƙanin abin da ya auku ba, domin inji ba ya mutuwar fuju'a sai nadiran. Kafin ya ƙone gasket, ko ya buga, yakan ɗauki mintoci, wani lokaci ma makonni, yana fitar da alamomi a fili, sai dai babu mai isar da su ga mutumin da ke riƙe da sitiyari.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa a nan shi ne, ya kamaci duk mai tsohuwar mota, musamman wadda ake neman abinci da ita a doguwar hanya, ya ƙara mata agoguna uku a kan waɗanda kamfani ya sa mata, watau na zafin ruwan inji, da na ƙarfin hawan baƙin mai, da na cajin batir. Da yake malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa alƙali ba ya yanke hukunci a kan zato sai da bayyina, kuma ba ya karɓar shaidar kowa sai wanda adalcinsa ya tabbata, haka ni ma zan ɗauki waɗannan agoguna a matsayin shaidu da ake zaunarwa a gaban direba su ba da labarin abin da idonsa ba ya iya gani. Fa'idarsu kuwa gaba ɗaya ta rataya a kan sharuɗɗa uku: su kasance masu gaskiya, a fahimci abin da suke faɗa, sa'an nan a yi aiki da shi.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a sha'anin mota. Tun a 1849 wani injiniya Bafaranshe, Eugène Bourdon, ya yi rajistar wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe wanda yakan yi yunƙurin miƙewa idan ruwa ko iska ta matsa shi daga ciki, ya ja allura, kuma da wannan hikimar ake ƙera yawancin ma'aunan matsi har yau, har da wanda ke jikin injin mai faci. A 1912 aka fito da Boyce MotoMeter a Amurka, wani ma'aunin zafi da ake ɗaurawa a kan murfin lagireto, direba yana hango shi daga mazauninsa, kuma masu mota da yawa da kuɗinsu suka saya suka ƙara, saboda motocin wancan zamani galibi ba su zuwa da abin da zai nuna zafi. Tsofaffin direbobinmu ma ba su manta da Marsandi ta da ba, wadda allurar baƙin manta takan haura ta tsaya a kan 3 da zarar an taka totur, kuma daga yadda take saukowa idan an tsaya bayan inji ya ɗauki zafi suke gane lafiyar metal. Daga baya ne kamfanoni suka lura cewa akasarin masu sayen sabuwar mota ba su karanta agogo, wasu kuma allura na ɗan gusawa sai su koma wurin dillali da ƙorafi, ga shi kuma fitila ta fi agogo araha, saboda haka suka shiga rage agoguna suna maye gurbinsu da fitilu.

Ragowar agogon zafi da suka bari a dashbod ma, a motoci da yawa na zamani, an hore shi ne ya kwantar da hankali. Kwamfutar mota takan riƙe allurar cak a tsakiya tun daga wajen digiri 80 har zafi ya haura 100 da ɗoriya, ta yadda direba ba zai ga bambanci tsakanin injin da ke cikin ni'ima da wanda ya fara galabaita ba, sai can idan abu ya ƙazanta allurar ta zabura ta faɗa ja. Wasu ƙananan motoci, irin su Honda Jazz, ba su ma da allurar sam, sai shuɗiyar fitila mai nuna inji bai ɗumama ba da jar fitila mai nuna ya wuce haddi. Ita kuwa jar fitilar baƙin mai, mai siffar buta, wani ɗan makunni ne ke kunna ta, wanda a yawancin injuna ba ya motsawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar, alhali kuwa injin da ke gudu a kan babbar hanya yana bukatar ninkin wannan sau da dama. Wanda ya ga ta kama yana tsakiyar gudu, sau tari labarin ta'aziyya ta kawo masa.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai injiniyoyin da suka ƙera mota sun fi mu sanin abin da ya dace da ita, in da ana bukatar ƙarin agogo da sun sa. Wannan magana tana da ƙarfi idan ana zancen sabuwar mota ce, a ƙasar da aka ƙera ta dominta, wadda ake kai wa gareji a kan ƙa'ida, ake zuba mata ruwan sanyaya inji na asali da baƙin mai na gaskiya. Amma mu motocin da muke hawa mafi yawansu sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas, sa'an nan suka ratsa hannuwa da gareji-gareji, kowa ya cire abin da ya cire, ya haɗa abin da ya haɗa. Na sha ganin mai mota ya zo wurin makaniki yana nuna fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji, yana cewa, “Malam, wannan abin ya dame ni,” makaniki kuwa ya amsa, “Alhaji, ba komai ba ne, duk 'yan Kwatano haka suke.” Kafin a jima an kwance fuskar dashbod, an yanki baƙin salatif an liƙe bayan fitilar, an mayar an ɗaure, Alhaji ya biya ya tafi yana godiya. Saboda haka duk mai sayen mota ta hannu ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ya tayar da inji ba, ya ƙirga su. Wadda ba ta kama ba a wannan lokaci, ko ta mutu ko an rufe mata baki, kuma motar da aka yi wa haka ta riga ta fita daga tsarin da injiniyoyin can suka yi mata.

Shaida na farko, kuma mafi girma a ƙasa irin tamu, shi ne agogon zafi mai nuna lamba. Injin fetur mai lafiya yakan yi aiki a tsakanin digiri 85 da 100 ko sama kaɗan, kuma abin da ke hana ruwansa tafasa shi ne murfin lagireto, wanda yake riƙe matsi na kimanin bar 1, har ya sa ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen 120. Idan robar murfin ta mutu, ko an maye shi da na jabu, wannan kariya ta tafi, ruwa zai tafasa a 100, a kan tsaunin Jos kuwa, mai tudun kimanin mita 1,200, tun a wajen 96. To, ka ɗauki direban bas da ya yi lodi ya taso daga Akwanga ya fuskanci Hawan Kibo da tsakar rana. Idan yana da agogo mai lamba, zai ga 92 ta zama 98, ta zama 104, tana ci gaba da hawa, kuma a nan yana da sauran zaɓi: ya kashe esi, ya koma ƙaramar giya domin famfon ruwa ya ƙara juyi, ya kunna hita ko da fasinjoji za su yi guna-guni domin ta janye zafi daga inji, in abin ya ƙi ya nemi wuri ya tsaya. Wanda ba shi da shi kuwa sai ya ji warin ƙauri, lokacin da kan silinda, wanda galibi na alminiyam ne, ya riga ya fara lanƙwasa, gasket ya saki, ruwa da mai suka haɗu.

Wannan agogo kuma shi zai raba gardamar da aka daɗe ana yi a garejinmu game da tamostat. Al'ada ta ginu cewa da zarar mota ta shigo ƙasa sai a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da inji, da hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasar sanyi. Alhali aikinsa shi ne ya tsare ruwa daga shiga lagireto har inji ya kai zafin da aka ƙaddara masa, sa'an nan ya buɗe, kuma lafiyayyen tamostat a buɗe yake a duk lokacin da inji ke bukatar sanyi. Mai agogo zai gani da idonsa cewa motar da aka cire mata shi, da asuba ko a lokacin hunturu, takan yi doguwar tafiya ba ta kai zafin aikinta ba, kwamfuta kuwa tana ɗaukar inji bai ɗumama ba, tana ƙara masa fetur, ringi da silinda suna cin juna a banza. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu mai mota da zai ce wannan asara ƙarama ce. Idan mota tana zafi, illar tana ga toshewar lagireto da ruwan rijiya ya cika da tsatsa da gishiri, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfi, kuma a can ya kamata a neme ta.

Sai dai wajibi ne in faɗi raunin wannan shaida, domin ɓoye shi ha'inci ne. Abin da ke auna zafin yana auna ruwan da ya taɓa shi ne, saboda haka idan tiyo ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya, sai ya rage a cikin iska, allura ta tsaya inda take ko ma ta sauko, alhali inji yana ƙonewa. Maganin wannan iri biyu ne: akwai ma'aunin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin wani noti a jikin kan silinda, yana auna zafin ƙarfen kansa ko da ruwa ko babu, akwai kuma ɗan ƙararrawar da ke kuka idan ruwa ya ragu. Duk wanda zai saya, ya fifita mai ƙara a kan mai shiru, domin idon direba na hanya ne, kunnensa kuwa a sake yake.

Shaida na biyu shi ne agogon ƙarfin hawan baƙin mai. Karanshaf ba ya gogar metal ɗinsa kai tsaye, yana yawo ne a kan wani siririn shimfiɗin mai da famfo ke turowa, kuma da zarar shimfiɗin ya yanke, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, cikin ɗan lokaci inji ya buga. A galibin ƙananan motoci, bayan inji ya ɗauki zafi, za a ga kimanin bar 1 ko fiye idan ana tsaye, da tsakanin 2 da 5 idan ana gudu, ko da yake kowane inji da ƙa'idarsa a littafinsa. Darajar wannan agogo tana cikin yadda yake bambance cuta da cuta. Idan allura tana rawa a kwana ko lokacin taka birki, mai ya yi ƙasa, a tsaya a duba sanda. Idan tana da kyau da safe amma ta zube ƙwarai bayan tafiyar awa guda, a tuhumi man da aka zuba, musamman irin na awo da ake sayarwa a bakin hanya ba a san asalinsa ba, ko kuma a bincika ko fetur yana sauka cikinsa yana tsinka shi. Idan kuwa wata bayan wata tana raguwa a hankali, to metal ne ke cinyewa, ko famfo ya gaji, ko rariyar da ke tsotso mai daga gindin inji ta toshe da dauɗa, kuma kowane daga cikin waɗannan gyaransa a gareji cikin natsuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zuwa kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa neman wani injin.

Na ukun, watau agogon cajin batir, shi ne mafi araha, har akwai wanda ake sokawa a ramin kunna taba ba tare da an yanki waya ko ɗaya ba. Cikakken batir da ya huta yakan nuna bolt 12.6, idan inji yana aiki kuma altaneta tana caji, a ga tsakanin 13.5 da 14.7, idan ya haura 15 caji ya wuce kima, batir zai tafasa, kayan lantarki su lalace, idan kuwa ana tafiya ya sauko 12 yana ƙara ƙasa, mota tana cin ajiyarta ne, kuma mai tafiyar dare ya san tun da wuri cewa fitilunsa da injinsa suna da wa'adi. Manyan motoci masu batir biyu sai a ninka lissafin. Wani abin sha'awa shi ne yadda shaidu biyu ke ƙarfafa juna: a injunan da bel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa, idan caji ya faɗi farat ɗaya kuma zafi ya fara hawa a tare, fanbel ne ya tsinke, babu bukatar istihara, a tsaya nan take.

Bayan waɗannan uku, sauran agoguna hukuncinsu yana bin halin mota. Mai tirela ko tanka ko wata babbar motar dizal mai tobo, wadda ke hawan tudu da kaya fiye da ƙima, zai amfana da ma'aunin zafin hayaƙi, domin hayaƙin yakan haura digiri 700 idan an matsa wa inji, alhali alminiyam da ake yin fistin da shi yana narkewa a wajen 660, kuma abin da ke tsare shi kawai shi ne mai da ruwa suna janye zafin, muddin ba a daɗe a wannan hali ba. Mai mota otomatik da ke shan cunkoson Nyanya da Mararaba kullum, ko mai jan kaya, yana da hujjar sa ma'aunin zafin man giya. Amma jera agoguna shida masu shuɗiyar wuta a jikin ginshiƙin gilashi, irin yadda wasu samari ke yi wa ƙaramar motar da ba ta wuce kai amarya da zagayen gari, wannan almubazzaranci ne, yana kuma tare ganin hanya, ya raba hankalin direba.

Akwai kuma wata hanya mai sauƙi ga wanda motarsa ba ta tsufa ƙwarai ba. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Alamarsa wani soket ne mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, kusa da gwiwar direba, inda masu duba mota da kwamfuta ke soka na'urarsu. Ana sayar da wata 'yar na'ura irin ELM327 da ake sokawa a nan, ta aika wa wayar hannu ainihin lambar zafin da kwamfutar mota ke gani, da caji, da dalilin kamawar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, ta hanyar manhaja irin Torque. Akwai ma ƙananan allunan da ake ɗorawa a dashbod su yi wannan aiki ba tare da waya ba, kuma su na fi so, tunda latsa waya a kan tuƙi laifi ne a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra, haɗari ne kuma ko babu hukuma. Iyakar wannan hanya biyu ce. Yawancin motoci ba su auna ƙarfin baƙin mai da lamba, makunnin fitila kawai gare su, don haka kwamfuta ba ta da abin da za ta faɗa a kansa. Tsofaffin motocin Turai kuma da aka ƙera kafin dokar, irin su Golf 3 da ta cika tashoshinmu, galibi ba su amsa wa irin wannan na'ura, sai dai a sa musu agogo mai zaman kansa.

Yanzu sai sharaɗi na farko, watau gaskiyar shaida, domin agogon da ke ƙarya ya fi rashinsa sharri, tunda wanda ba shi da agogo yakan yi taka-tsantsan, mai na ƙarya kuwa yana tafe da yaƙinin banza. Kasuwa cike take da na jabu, saboda haka kada a ɗaura kowane sai an yi masa tazkiya, kuma yin ta ba wuya. A haɗa agogon zafi da batir a kan benci, a ɗaura wayar as a jikin ma'auninsa, a tsoma bakinsa cikin butar shayi tana tafasa: a Kano ko Sakkwato ya kamata ya nuna tsakanin 98 da 100, a Jos wajen 96, wanda ya nuna 85 ko 110 kuwa a mayar wa mai shi. Na baƙin mai a gwada shi da ma'aunin hannu na makaniki, na caji da mitar mai wayarin. A lura da harshen da agogon ke magana da shi, domin na Amurka da Faranhait suke ƙirga zafi, inda 212 take daidai da 100 tamu, 195 kuma kimanin 90, matsi kuwa da psi, inda 14.5 take daidai da bar 1. Kada kuma a haɗa agogon wani kamfani da ma'aunin wani, domin kowane an daidaita shi ne da abokin haihuwarsa.

Ɗaurawar ma tana da ladubbanta, kuma a nan ne araha takan zama tsada. Agogon mai irin na da, wanda ake jawo masa siririn tiyon roba daga inji har cikin mota, idan tiyon ya goga da ƙarfe ya huje, zai fesa tafasasshen mai a ƙafar direba ya kuma tsiyaye inji, don haka mai aiki da waya ya fi aminci. Kada a cire makunnin fitilar asali, a sa mahaɗi mai baki biyu su zauna tare, kuma idan mahaɗin ya yi nauyi a jawo shi da ɗan tiyo mai ƙarfi a ɗaure a gefe, domin jijjigar inji tana karya tagulla. Zaren noti na injunan Japan ya sha bamban kaɗan da wanda ke zuwa da yawancin agogunan kasuwa, wanda ya tilasta shi zai fasa mazauninsa. Ma'aunin da ke da waya ɗaya ta jikinsa yake samun as, in aka naɗe shi da farin tef har ya rufe zaren duka, ƙarya zai riƙa yi. Wutar agogo a ɗauko ta daga layin da ke mutuwa idan an kashe makulli, a sa mata fis, kada a yarda da murɗa waya da hannu a rufe da salatif, domin gobarar mota da yawa daga nan take farawa. Kada kuma a kafa komai a gaban jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari.

Sharaɗi na biyu shi ne fahimta, kuma ba ta bukatar digiri. A makon farko direba ya lura da inda kowace allura ke zama da safe, da rana, a cunkoso, a kan gudu, da esi da babu, har ya haddace ɗabi'ar motarsa, domin abin da ake nema shi ne saɓanin al'ada. Wanda bai yi haka ba yakan faɗa cikin waswasi, ya ga zafi ya kai 100 a cunkoso, fanka ta kama ya sauko, ya ruga gareji a kwance masa lafiyayyen inji, alhali wasu injunan Turai na zamani an ma ƙera su su yi aiki a sama da haka. Duban agogo kuwa ɗan kallo ne irin na madubi, a saci ido a mayar kan hanya.

Sharaɗi na uku shi ne mafi wuya, kuma ba a hannun direba kaɗai yake ba. Direban haya yana fita ne da balas a wuyansa, fasinjoji suna gaggawa, dare yana matsowa a hanyar da ba a son dare ya riski mutum, maigida kuma yana jiran kuɗinsa cif. Idan ya ga allura tana hawa ya tsaya ya yi asarar lodi, ya dawo ya ce, “Maigida, na ga zafi ya hau ne na tsaya,” aka amsa masa da, “Ni dai kuɗina na sani,” to gobe ba zai tsaya ba, zai ɗora hula a kan agogon ya taka. Mota amana ce a hannun direba, rayukan da ke cikinta sun fi ta girma, amma ba a ɗora wa mutum amana a kuma hukunta shi don ya kiyaye ta. Mai motar da ya kashe kuɗi ya sa agogo, ya wajaba ya faɗa wa direbansa a gaban shaidu a tasha cewa tsayawar da agogo ya sa ba za a cire ta daga haƙƙinsa ba, kuma shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW suna da ikon mayar da wannan al'ada a tashoshinsu. Direba kuma ya sani cewa tsayawar tana da ƙa'ida: ba a buɗe murfin lagireto inji yana tafasa, ba a kwara ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, idan kuwa ƙarfin mai ne ya faɗi, a kashe inji nan take ko da gari yana hango.

Wasu za su ce abin da Allah ya ƙaddara sai ya auku, kuma haka ne babu shakka, amma malamai sun yi ittifaƙi cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, don haka wanda ya iya sanin halin injinsa da kuɗin da da wuya su kai ushirin kuɗin wani injin, ya ƙi, sakacinsa ne ya kwana da shi a daji. Shawarata ga mai mota ita ce ya bi abin daki-daki: ya fara da gyara abin da aka ɓata, a mayar da tamostat, a sa murfin lagireto na gaske, a wanke lagireto a zuba ruwan da aka yi dominsa, a buɗe fitilun da aka liƙe, sa'an nan ya sa agogon zafi mai ƙara, ya bi da na caji, ya cika da na baƙin mai a hannun mai wayarin da ya san aikinsa. Ƙungiyoyin makanikai da kwalejojin fasaha kuwa su sa gwajin agogo da ɗaura shi cikin abin da ake koya wa yara kafin a yaye su, domin ranar da makaniki zai karɓi mota ya tambayi direba lamba nawa ta nuna kafin ta tsaya, direba kuma ya iya ba shi amsa, gyaran mota a ƙasar nan zai rage dogaro da canki-canka, kuma kuɗin da ake zubarwa wajen sauya kayan da ba su lalace ba zai zauna a aljihun masu shi.